Na Gyara Ido a Yendi, Na Baro Shi a Bawku

Tun da na dawo ƙofar ɗakina ba ta huta ba. Wannan ta shigo da sannu da zuwa, waccan ta shigo da kwanon koko, kuma duk wadda ta zauna tambayoyinta ɗaya ne da na wadda ta tashi: yaya Yendi, yaya aikin ido, yaya Bawku da harbe-harbenta, sannan jikan naki da wa ya yi kama? Ukun farko ina amsawa daidai ƙarfina. Ta ƙarshen ce nake kaucewa, in ce ƙishirwa nake ji, ko in tambayi mai tambaya lafiyar mijinta. To na gaji da kaucewa. Shi ya sa na roƙi maƙwabciyata Malama Lariba, mai koyar da mata karatu, ta zauna da biro ina faɗa tana rubutawa, kowa ta ji sau ɗaya a bar ni in huta.

Ga wadda ba ta san ni ba, sunana Adiza, tela ce ni a nan Salaga. Kakan kakana ne ya biyo ayarin fataken goro daga Katsina, garin ya yi masa daɗi ya ƙi komawa. Da keken ɗinki na ci, da shi na aurar da 'ya'yana bayan rasuwar mai gidana. Ciwon idon nan kuwa tun ina budurwa muke tare. Fatar idon ce take naɗewa ciki, gashin ya juya yana gogar ƙwayar, duk ƙiftawa kamar an watsa miki yashi. Shekara da shekaru matsefata ce maganina. In zauna a rana wata ta tsige mini gashin, in ɗan samu sauƙi, ya sake tsirowa ya fi na da kaifi. A haka na hagu ya tafi, hakiya ta rufe shi fari fat. Saura na dama, da shi nake zura zare a allura, shi ma kuma ya fara ja da hawaye.

Abin da ya tashe ni tsaye shi ne cikin autata Rukayya. Tana aure a Bawku, mijinta Seidu ɗan kasuwar albasa ne, kuma cikin fari ne. Mun shirya za ta zo gida ta haihu, in yi mata wankan jego a tsakar gidana yadda uwata ta yi mini. Na ce kafin ta iso bari in gyara idon nan in ga jikana da kyau. Akwai wata mai kawo doya daga Kpandai da aka yi wa irin aikin a Yendi, na ɗaga fatar idonta da hannuna na ga gashin ya miƙe waje. Ga kuma ƙawata Sanatu tana aure a can, ba zan rasa wurin kwana ba. Na yanka yadin rigunan jariri na ajiye a kan keke, na ce in na dawo in ɗinka.

Ta Bimbilla muka bi, lokacin zafi ne, mangwaro ya nuna. Motar ta cika da doya har ƙarƙashin kujeru, ƙafafuna a kanta suka kwana rabin yini. Kusa da ni wani tsoho ne da zakara a hammata, zakaran nan kuwa ya ɗauki ɗankwalina abokin gaba, duk ramin da muka faɗa sai ya kai masa sara. Na ce wa tsohon, "Baba, ko ka riƙe abinka ko in riƙe maka wuyansa." Ya yi dariya ya ce ai kyauta zai kai wa surukinsa, in yi haƙuri ya isa da ransa. Ba mu daɗe da barin Bimbilla ba taya ta fashe, muka zauna gindin wata bishiya muna kallon direba yana zagin yaronsa da Dagbanci. A lokacin har dariya nake yi.

Sanatu Badagomba ce, mijinta mahauci, gidansu babba ne mai tsofaffi da yawa. Ku da ba ku zauna da Dagomba ba, gaisuwarsu aiki ce. Mu nan mace ta ɗan rusuna ta ce ina kwana, an gama. Su sai an tsuguna har ƙasa, tsoho yana jero tambaya kina cewa "naa, naa", ya tambayi sanyi, ya tambayi hanya, ya tambayi gida, kina nan a tsugune gwiwa tana ƙara. Kafin in gama zagaya tsofaffin gidan na manta da ciwon ido, na koma na ƙafa. Sanatu ta kawo mini wasawasa, wani baƙin abinci na garin doya mai kama da dambu, da mai da yaji da wake. Na raina shi a ido, na kuma nemi ƙari.

Wanda ya yi mini aikin wani ma'aikacin ido ne siriri mai sanyin hannu. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Ba a sa ni barci ba, allura kawai ya yi mini a fatar idon, ina jin ƙarar almakashi ina jin yana jan zare, amma babu zafi. Da ya gama ya rufe idon da auduga da filasta. Sai a nan na gane abin da ban lissafa ba: na hagu ba ya gani, na dama a rufe. Bakin zanen Sanatu na riƙe har gida, tana cewa "ɗaga ƙafa, kwata ce", ina tafiya ina tuntuɓe. Yinin nan tsoro ya kama ni sosai. Na ce a raina, ashe haka makafi suke, Allah kada ka nuna mini wannan.

Washegari ma'aikacin ya cire audugar. Idon ya kumbura kamar wadda zuma ta harba, ga baƙaƙen zare a jere a kan fatar. Amma da na ƙifta sai na ji shiru. Babu yashi, babu kaifi. Na sake ƙiftawa, na sake, sai hawaye, na kai hannu zan share ya riƙe mini wuyan hannu.

"Mma, ka ji ni da kyau," in ji shi. "Wannan ido ɗaya ne gare ka, babu na canji. Kada ka murza. Kada ka shiga hayaƙi, kada ka shiga ƙura. Kwalli, ka manta da shi tukuna. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa fuska. Wannan man, safe da yamma. Bayan mako ɗaya ka dawo in cire zare, kada ka bari ya kwana biyu a ciki fiye da haka."

Na ce, "Ɗana, ko cewa ka yi in kwana a tsaye zan kwana."

Kwanakin da suka biyo baya su ne na fi jin daɗi tun rasuwar mai gidana. Sanatu ta mai da ni amarya. Ta hana ni zuwa kusa da murhu, ta tafasa ruwa ta bar shi ya huce, ta goge mini gefen idon da tsumma mai tsabta, ta matsa man a cikin fatar ƙasa. Ta tara mini matashi in kwanta kai a sama. Ta sayo mini baƙin tabarau a tasha saboda rana da ƙudan mangwaro, ta kuma sanar wa tsofaffin gidan cewa likita ya ce a zaune zan riƙa gaisuwa, wanda ban ji ya faɗa ba. Kumburin ya fara saɓewa. Wata safiya na ce ta ba ni allura da zare. Sau ɗaya na zura ya shige. Muka yi ta guɗa mu biyu kamar yara, har mijinta ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

A ranar da yamma wayata ta yi ƙara. Seidu ne. Rukayya ta haihu, wata guda kafin lokaci, namiji, ɗan mitsitsi, ita kuma ta zubar da jini da yawa, ba za ta iya tafiya ko'ina ba.

Na fara naɗe kayana. Sanatu ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Adiza, ina za ki da zare a ido?"

"Wa zai hura mata wuta?"

"Ba ta da uwar miji?"

"Tsohuwa ce, gwiwa ta hana ta tashi. Kuma haihuwar fari, a ce yarinya ta yi jego a gidan miji babu uwarta, kamar wadda aka tsinta a tasha? Da wane ido zan kalli mutane?"

"Da wanda kike shirin kashewa," in ji ta.

Na ce mata zan je a yi suna in juyo, mako ɗaya ne, zare ba zai ruɓe ba. Ta ce to mu je mu gaya wa mai asibiti. Na ƙi, don na san abin da zai ce. Ta raka ni tasha da safe, da mota za ta tashi ta cusa mini sabulu da tsummoki a jaka.

Hanyar Yendi zuwa Gushegu jar ƙasa ta fi kwalta yawa, tagar da na samu kuma babu gilashi. Na naɗe fuskata da mayafi a kan tabarau, ina numfashi da ƙyar, duk da haka ina jin ƙasa a haƙorana. A Gushegu muka sauka neman wata motar, ranar kasuwa ce, shanu da buhunan masara sun cika ko'ina. A motar ta biyu wani dillalin shanu, ƙato mai fara'a, ya shigo ya zauna daram a kan jakata. Da na zaro ta na buɗe, man idon ya fashe, fiye da rabi ya malale a jikin sabulu. Mutumin ya yi ta ba ni haƙuri, ya sayo mini dafaffen ƙwan zabo don ya wanke laifinsa. Na ci ƙwan, me zan yi. Na kankare abin da ya rage a bututun na ƙulle a leda.

Daga Nakpanduri hanya ta gangara wani dutse mai tsayi, fasinja kowa ya kama salati. Daga nan kuma sai shingayen sojoji, a sauka a hau, a sauka a hau. A wani shingen wani soja yaro ya daka mini tsawa in cire tabarau. Na cire. Da ya ga zaren ya ja da baya ya ce, "Maame, kafra," wato Mama yi haƙuri, ya mayar mini da shi da hannunsa. Yamma ta yi mana a Garu, direba ya ce ba zai shiga Bawku ba saboda dokar hana fita. Wata mai tuyar ƙosai ta ba mu rumfarta mu mata muka shimfiɗa zannuwa. Ban san sunanta ba har yau, amma ta ba ni ruwan ɗumi na wanke hannu na shafa magani.

Bawku da na sani lokacin bikin Rukayya gari ne mai hayaniya, Mosi da Busanga da Hausawa da mutanen Togo ana ta ciniki. Wannan karon shiru na tarar. Shaguna da yawa a rufe, kowace unguwa ta kafa 'yar kasuwarta, kowa ya san layin da ba ya tsallakewa. Ba zan ce muku ga mai gaskiya a rikicinsu ba, ni baƙuwa ce, kuma wanda ya tambaya ma ba a amsa masa.

A gidan aka tarbe ni da zomkom, ruwan gero mai yaji da suke ba baƙo, aka kai ni ɗakin mai jego. Rukayya tana kwance, leɓɓanta sun yi fari. Uwar mijinta, Hajiya Memuna, tana zaune a bakin gado da jaririn a naɗe a cinya. Ba a gaida suruka da baƙin tabarau kamar wata 'yar fim, don haka na cire na durƙusa. Hajiya ta dube ni, ta ga jan ido da zare, nan take ta ja zane ta rufe fuskar yaron. Ita ma Hausarta irin ta ma'aikacin nan ce, kowa "kai" ne.

"Mma Adiza, sannu da hanya. Amma wannan ido ba ya kallon jariri."

Na ce, "Hajiya, ba apolo ba ne, aiki aka yi mini. Ba ya kama kowa."

"Na ji. Amma yaro bai cika wata ba, ba shi da ƙarfi. Ka bari ido ya warke, yaro yana nan, ba ya gudu."

Na dubi Rukayya, ta sunkuyar da kai. Gidan mijinta ne, ni zan tafi in bar ta da su. Kuma in faɗi gaskiya, mu ma a Salaga haka muke cewa, mai ciwon ido in ya kalle ka ya shafa maka. Na ce a raina, in yaron nan ya tashi da ko ɗigon kwantsa, ni za a ce. Sai na ce, "To Hajiya, sai ya warke." Na kau da kai.

Wannan ne ke cina har yau. A ranar nan idona yana gani fiye da yadda ya gani cikin shekara goma. Na ga zanen furannin da ke jikin labule, na ga tururuwa suna bin bango, na ga wata 'yar ƙafa ja da ta leƙo daga cikin zane da yatsunta ƙanana. Da na ɗaga zanen nan da yatsa ɗaya, da na gan shi.

Washegari na kama aikin da ya kawo ni. Mu a gida a tsakar gida muke kafa tukunyar wanka, iska tana kwashe hayaƙi. Su ma da haka suke yi, amma tun da harsashi ya taɓa faɗowa tsakar gidan maƙwabtansu suka mai da murhu cikin wani ɗaki mai 'yar taga ɗaya. Itace kuma ya yi wuya a garin, sai ɗanye ake samu. A ɗakin nan nake durƙusawa safe da yamma ina hura wuta a ƙarƙashin ƙatuwar tukunya, hayaƙi ya turnuƙe, tabarau ya yi gumi in cire shi, hawaye yana zuba ina sharewa da gefen zane. Ina jin muryar ma'aikacin nan a kunnena, ina kuma hurawa. Su da tawul suke gasa jikin mai jego, ni na ce a samo mini ganyen darbejiya in yi irin namu, Hajiya ta ce in yi duka biyun. In na gama in dama kunun kanwa, a wannan murhun dai.

Wankan yaron ma ni nake yi, don hannun Hajiya yana rawa. In miƙe ƙafafu in kwantar da shi a kan ƙwaurina, in juya fuskata bango, in wanke shi da lalube. Hajiya tana gefe tana cewa "ka yi sama kaɗan, sabulu a kunne". A haka na san shi. Yana da makwarkwaɗa biyu a tsakar ka, inda gashi ke murɗewa, akwai wani ɗan lanƙwasa a saman kunnensa na hagu, kuma in ruwa ya taɓa bayansa sai ya kama babban yatsana ya matse. Ranar da na cika kwana biyar da zuwa man idon ya ƙare. Seidu ya zagaya unguwar, mai shagon maganin ya rufe ya koma Bolga.

Ranar suna aka raɗa wa yaro sunan mai gidana. Seidu ya aiko a gaya mini ya yi haka ne don girman zuwan da na yi. Na shiga bayan ɗaki na yi kuka, na dawo. Mata suka cika gida ana ta kwalliya, tandun kwalli yana yawo daga hannu zuwa hannu, wai na Makka ne. Da ya iso kaina na ce a wuce da shi, likita ya hana. Hajiya ta matso kusa ta yi ƙasa da murya.

"Mma Adiza, mace ba kwalli ranar suna, mai takaba ne. Garin nan mun gaji da takaba. Kakan yaro ya fita haka, ido fari, mutane za su ce me? Kaɗan kawai. Kwalli ma magani ne."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Matar nan ta binne ɗa a rikicin nan, ƙanin Seidu. Na duba na ga duk mata ni suke kallo, na ga Rukayya ta ƙura mini ido daga kan gado tana roƙona ba tare da ta buɗe baki ba. Na ɗaga fuska. Hajiya da kanta ta ja mini, da tsinken da ya gama zagaya idon matan unguwa. Na ji ya taɓa zaren. Aka yi guɗa, aka ce kaka ta fito amarya.

Kafin la'asar idon yana ci kamar an zuba barkono. Da safe ya manne da ruwan kwantsa mai kauri, sai da na jiƙa shi kafin ya buɗe. Na ce wa Seidu ya kai ni asibiti. Ya tsuguna a gabana ya ce, "Mma, asibitin yana wancan ɓangaren. Ni kaina tun bara ban taka can ba, kuma ba mai keken da zai tsallaka da mutumin gidan nan." Na ce to a sa ni a motar Yendi. A ranar aka harbi wata mota a hanya, aka daina fita gaba ɗaya. Na roƙi wanzamin da ya yi wa yaro aski ya yanke mini zaren da askarsa. Ya duba ya girgiza kai, ya ce shi gashi yake askewa, ba zai ɗauki alhakin ido ba.

Haka na zauna, mako ya shige, wani ya bi shi. Wani bakin zare ya juya ciki yana gogar ƙwayar, ya fi gashin da na gudo wa zafi. Ƙanwar Seidu ta karɓi hura wutar, amma a lokacin an riga an gama. Haske ya zama abokin gabana, na koma kusurwar ɗaki na rufe kai. Kullum in na buɗe idon sai in ga ƙofar ɗakin ta ƙara nisa. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na kwanakin nan ba, ga 'yata tana samun ƙarfi, ga yaro yana ƙiba a hannuna, ni kuma ina jin abin yana tafiya ba ni da yadda zan riƙe shi.

Daga ƙarshe Seidu ya samo wani abokinsa mai kai albasa Togo, ya ce zai zagaya da ni ta can in ɓullo Yendi ta baya. Da na zo sallama Hajiya Memuna ta riƙe hannuna ta daɗe. Ina jin ta gane. Ta ce, "Rukayya, kawo yaro. Mma Adiza, ka kalli mijinka kafin ka tafi." Ta buɗe zanen da hannunta, aka ɗago shi daidai fuskata. Na buɗe idon iyakar ƙarfina. Abin da na gani wani dunƙule ne mai duhu, kamar mutum a bayan tururin tukunya. Rukayya ta ce, "Mma, kin gani ko? Baba ne sak." Na ce, "Masha Allah." Ban so ta sani ba tana cikin jego.

Masu tambayata yaya Togo, ban gan ta ba, jin ta na yi. Na ji warin albasa tun daga Pusiga har muka tsallaka. Na ji wani ma'aikacin iyaka yana faɗa da Faransanci, direba ya ce wai in cire tabarau a gwada da hoton kati, na cire, faɗan ya tsaya. A Sankasi aka miƙo mini wani dogon burodi mai tauri da ya kusa cire mini haƙori. Wata mata da ban san fuskarta ba ta riƙa kama hannuna tana kai ni bayan gida duk inda muka tsaya, ba ta jin Hausa ba na jin yarenta. Ta Mango muka bi muka dawo Gana ta Chereponi. Duk hanyar nan abu ɗaya nake faɗa wa kaina, in an cire zaren zai washe.

Sanatu ba ta ce ai na gaya miki ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Ta kama hannuna muka tafi asibiti. Ma'aikacin ya haska fitilarsa ya daɗe yana dubawa. Ya cire zaren ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Mma, me ka sa a ciki?" Na gaya masa duka, hayaƙin da kwallin. Bai yi faɗa ba. Ya ce gyambo ne ya fito a kan baƙin idon, ya ba ni magani mai ƙarfi na ɗigawa, ya tura ni Tamale. A Tamale suka kashe gyambon, ciwo ya tafi. Amma inda ya warke ya bar tabo, kuma tabon a tsakiya ya zauna, daidai inda haske ke shiga. Likitar ta ce akwai aikin da ake canza wannan fatar ta gaba, a can kudu, ana daɗewa ana jira kuma ba kowa ke samu ba. Daga yadda ta faɗa na san ba da ni take ba. Ta ɗaga fatar idon ta ce wa na kusa da ita wanda ya yi aikin nan gwani ne, gashin duk ya miƙe waje. Haka ne kuwa, har yau ko ɗaya bai taɓa ni ba. Ina ƙiftawa lafiya lau.

Yanzu ina bambance dare da rana, in mutum ya tsaya a ƙofa ina ganin inuwarsa. Allura kuwa ko a tafin hannuna aka ɗora sai na lalubo. Yadin rigunan da na yanka yana nan a kan keke inda na bar shi, yaron ma ya wuce girmansu. Masu cewa in yi haƙuri, ina yi, ba ni da wani aikin. Masu cewa da ban je ba, ku gaya mini wadda za ta zauna a cikinku. Abin da zan ce kawai, duk wadda aka yi wa aikin nan ta zauna inda aka ajiye ta har a cire zare, ko wa ya haihu, ko wa zai yi magana.

Saura tambayarku. Da wa ya yi kama? Na san nauyinsa, na san makwarkwaɗarsa biyu, na san kunnensa na hagu, in aka jera jarirai goma zan fitar da shi da hannu. Fuskarsa ban sani ba. Rukayya ta ce babanta ne, amma 'ya tana iya faɗin haka don ta faranta wa uwa. Shekaranjiya ta turo hotonsa a waya. Ɗazu da muka zo nan a labarin na miƙa wa Malama Lariba, don ta san mai gidana tun tana yarinya, na ce ta duba ta gaya mini tsakaninta da Allah. Ta karɓa, can sai na ji tana jan hanci. Ban sake tambayarta ba.

Duk mai son gani ta shigo ta duba da kanta. Wayar tana kan keken ɗinki, a kan yadin. In kin gani kada ki gaya mini yana da kyau, wannan na sani. Ki gaya mini goshin, ko irin na Malam mai gidana ne.